Baƙuwa ta ga Nijar, ɗalibaina ba su gani ba

Daga 1962 zuwa Janairun 2011, ƴan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun zauna a ƙauyukan Nijar, har da na yankin Maradi. An janye su ne bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai.

Na yi aiki tare da ɗaya daga cikinsu a karkarar Agiye. Ɗakin laka take kwana, hura take sha kamar kowa. Da an ba da hutu sai ta shiga mota: ta ga fadar Sarkin Damagaram, ta ga masallacin Agadas, ta ga raƙuman dawa a Kure.

Ɗalibaina kuwa a kan allo suka san wuraren nan. Wasunsu ko Maradi ba su taɓa takawa ba. Su haddace don jarrabawa, su manta. Yaya yaro zai yi kishin ƙasar da bai gani ba?

Babban hutu na gona ne, wannan kowa ya sani. Amma hutun Disamba an gama girbi. Iyaye da malamai, mu haɗa kuɗin mota, mu kai aji ɗaya tabkin Madarunfa, a tafi da safe a dawo da yamma.