Saƙar Tatin: Ƙullin da Sai Kin Sassauta Yake Zama Daidai

'Yar'uwa, in kin iya saƙar kwarashi, kada ki ɗauka tatin ƙanwarta ce. Kwarashi madauki ne cikin madauki, da kin ja zare sai ta warware. Tatin kuwa ƙulli ne zalla, ana yin sa da 'yar ƙoshiya mai tsawon yatsa, zaren na naɗe a cikinta. Ta yi tashe a Turai a ƙarni na 19, kuma wata mata mai suna Riego ta fara fitar da littattafan koyar da ita a Landan a 1850. Duk siririn leshin nan na bakin hankici da wuyan riga, ƙulli iri ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Ga yadda yake. Ki zagaya zare a yatsun hagu, ki danne shi tsakanin babban yatsa da manuni. Rabin farko, ƙoshiya ta bi ta ƙarƙashin zaren hannu ta dawo ta samansa. Rabi na biyu, ta sama ta dawo ta ƙasa. Biyun nan su ne ƙulli guda.

Inda yawancin mata ke ajiye ƙoshiya shi ne juyi. Bayan kowane rabi, sai ki sassauta yatsun hagu ki ja zaren ƙoshiya ya miƙe sosai. Nan take ƙullin zai tashi daga zaren ƙoshiya ya koma na hannu. In bai juya ba, zaren ya cije, zoben ba zai rufu ba, sai tsefewa da allura ko almakashi.

Abin da ya riƙe ni a saƙar nan, na san wannan juyin tun daga asibiti. Wajen ɗinkin rauni, an koya mana jan bakin zare biyu daidai wa daida, domin in aka ja ɗaya kawai ƙullin kan juye ya zama zarge, rauni ya buɗe. To abin da muke gudu a jikin majiyyaci, shi ake nema a tatin. Hannun da ya wuni yana riƙe komai gam, ya dawo gida ana cewa ya saki. Bayan aikin dare, minti ashirin da ƙoshiya kan sauke mini gajiyar da waya ba ta saukewa, don ba a ƙirga ƙulli ana tunanin wani abu.

In za ki fara, nemi zaren auduga lamba 10. Lambar na ƙaruwa zaren na sirancewa, saboda haka lamba 80 sai hannu ya faɗa. Ki haɗa launi biyu, ɗaya a ƙoshiya ɗaya a hannu. In launin hannu ne ya bayyana a ƙullin, ya juya. Bayan kowane ƙulli ki ɗan ja zaren ƙoshiya ki ga ko yana zamewa.

Kada ki yi gaggawar fure ko zobe a makon farko. Sannu ba ta hana zuwa. Ki jera ƙulli ashirin masu zamewa tukuna, sannan mu yi maganar bakin mayafi.