Wanda Aka Kayar Shi Ake Fara Yi Wa Waƙa

Mu malamai mun iya koya wa yaro yadda zai ci jarrabawa. Abin da ba mu cika koya masa ba shi ne yadda zai tsaya da ƙafarsa ranar da aka kayar da shi. Wannan ya daɗe yana damuna, kuma labarin wata makarantar soja a Amurka ne ya sake taso min da shi.

West Point makaranta ce ta horar da hafsoshin sojan ƙasa a jihar New York, an kafa ta a 1802. Ɗalibanta suna buga abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu ya fi aiki a ciki: ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 11 kowane ɓangare, kowa da hular kwano, ana karo kamar raguna. A kakar 2024 sun buga wasa 14, suka ci 12, abin da makarantar ba ta taɓa yi ba. Har kofin rukuninsu suka ɗauka, bayan sun doke jami'ar Tulane 35 da 14. Sai ranar 14 ga Disamba makarantar sojan ruwa ta Annapolis ta lallasa su 31 da 13. Tun 1890 makarantun biyu ke karawa, kuma a wajensu wannan wasa ɗaya ya fi sauran duka nauyi.

Abin da ya kama min zuciya shi ne al'adarsu bayan an tashi. 'Yan wasan ɓangarorin biyu sukan je gaban ɗaliban makarantar da aka ci, su tsaya cik, a rera waƙar makarantarsu. Sai an gama sannan a koma wajen waɗanda suka yi nasara. Sun san gobe ƙasa ɗaya za su yi wa aiki, domin duk wanda ya kammala sai ya yi aƙalla shekara 5 a soja.

Mu dawo gida Mirriya. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga wasa tsakanin lakwal biyu ya ƙare da jifa, alƙalin wasa ya sha da ƙyar, wasu iyaye kuma suna zuga 'ya'yansu. Na ga yaro mai ƙoƙari ya faɗi BEPC sau ɗaya, kunya ta hana shi komawa aji, ya tafi cirani. A ganina ciwon ɗaya ne. Ba a taɓa nuna musu cewa mutum yana faɗuwa a gaban jama'a mutuncinsa na nan ba.

Iyaye da yawa suna burin ɗansu ya shiga Prytanée, makarantar soja ta Yamai, wai don ya samu ladabi. Amma kaki kaɗai ba ya ba da ladabi. A West Point dole kowane ɗalibi ya shiga wani wasan motsa jiki. Mu kuwa awar EPS ita ake fara sadaukarwa, a mayar da ita ramuwar darasin lissafi ko sharar fili.

Kuma ba sai mun je Amurka aro ba. Tun 1975, da aka fara gasar takobin kokowa ta ƙasa a Tawa, muke ganin wannan tarbiyya. Ku shiga fagen Langa-Langa a Damagaram: ƙato ya kayar da ƙato, ya miƙa masa hannu ya tashe shi, su rungume juna. Wanda ya faɗi ya kakkaɓe rairayi, baɗi ya dawo.

Abin da nake yi a ajina ba shi da tsada. In an gama wasa, ɓangarorin biyu su jeru su gaisa, waɗanda aka ci su fara shan ruwa, waɗanda suka ci su ne masu miƙa musu moɗa. Da farko yaran sun yi ta gunaguni, yanzu su ke tuna min in na shagala.

'Yan uwana malamai, mu mayar wa yara awarsu ta wasa. Ku kuma iyaye, in ɗanku ya dawo an ci su, ko sakamako ya fito babu sunansa, ku zaunar da shi ya ci abinci tukuna, sannan ku tambaye shi yaushe zai koma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.