Gawo, Dutse Da Mahaliccinsu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, akwai wata magana da ta daɗe tana kai da kawowa tsakaninmu, mu 'yan Barkiya ta ƙasar Kurfi da ke karatu a wannan makaranta, har muka ga ya kamata mu sa ta a takarda, ko wani ya amfana, ko kuwa wanda ya fi mu sani ya ƙara mana haske. A cikin littattafan Turawa mukan tarad da masu cewa akwai wani Ruhu marar iyaka, mai ƙaga abubuwa, wanda ke cikin kowane abu, tun daga ƙwayar yashi har taurari. Waɗansu daga cikinmu da suka karanta haka sai suka ce ai tauhidi ne aka faɗa da wani harshe. Waɗansu kuwa suka ce maguzanci ne ya sa kwat da wando. Iyayenmu can gida da ma abin da su ke tsoro ke nan, kada su aiko yaro neman ilmi ya komo musu ba imani. To, abin ya wuce wasa, gama gobe mu za a danƙa wa 'ya'yan mutane, abin da ke zuciyar malami kuwa shi kan zuba cikin zuciyar almajiri.

Bari mu fara da abin da kowane ɗan manomi ya sani. A gonakin Barkiya da Birchi da Tsauri akwai gawo. Sauran itatuwa da damina su ke yin ganye, su kakkaɓe da rani, amma gawo ya saɓa musu. Ruwa na sauka sai ya zubad da ganyensa, ya tsaya kamar busasshe, sai kaka ta yi sa'an nan ya sake tofo. Saboda haka geron da ke gindinsa ba ya rasa rana, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani kuma, sa'ad da ciyawa ta ƙare, dabbobi su sami inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gonar. Masana tsirrai sun ƙara mana da cewa a saiwoyinsa akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗebo abincin shuka daga cikin iska su sa a ƙasa. Gawo bai san manomi ba, akuya ba ta san gero ba, halittun nan ba su san kowa ba, amma ga su duka a ɗaure da igiya guda. Wa ya ɗaura su?

In muka ɗaga kai daga gona, abin sai ya ƙara girma. Ruwan da ke cika Karaduwa, kogin da aka datse aka yi madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, daga Tekun Atlantika iska ke ɗauko shi, tafiyar ɗaruruwan mil. Hazon da ke rufe mu da hunturu, mai yawa daga cikinsa daga wani kwari ya ke tasowa a ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele, wani kuma ya ƙetare teku ya faɗa kurmin Amazon ya zama taki ga itatuwan da ba mu taɓa gani ba. Duwatsun da ke tsaye a Dutsin-Ma da Kurfi, masana sun ce sun haura shekara miliyan 500. Hasken ranar da ke bugunsu kuwa sai ya yi minti 8 a hanya kafin ya iso, alhali babu abin da ya fi shi gudu. A 1929 wani masanin taurari na Amurka, Edwin Hubble, ya nuna cewa gungun taurarin da ke nesa suna ƙara nisa da mu, watau sararin kansa buɗewa ya ke yi. Duk mai hankali in ya tara waɗannan wuri ɗaya, lalle jikinsa ya yi sanyi.

Daga wannan sanyin jiki ne hanyoyi suka rabu. Maguzawa sun ji a ransu duniya ba kango ba ce, akwai wani iko a bayan abin da ido ke gani, sai suka ce iskoki ne ke zaune a tsamiya da kuka da kogon dutse, suka riƙa kai musu yanka. Wannan yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a kansu tun kafin jihadin 1804. A Turai kuma an yi wani Bayahude mai zurfin tunani a birnin Amsterdam, sunansa Spinoza, wanda ya rayu daga 1632 zuwa 1677. Shi cewa ya yi Allah da halitta abu guda ne, mutanensa kuwa tun 1656 suka fitad da shi daga cikinsu. Har a cikin Musulmi, Shaihu Ibn Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya yi maganganu masu zurfi a kan samuwa, malamai suna ta gardamar abin da ya ke nufi har wa yau.

To, mu ga inda muka tsaya. A zaurukan malamanmu ana karanta littafin tauhidi na Shaihu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, inda aka jera siffofin Allah 20. A cikinsu akwai samuwa, da rashin farko, da rashin ƙarshe, da saɓa wa halittu, da tsayuwa da Kai, da kaɗaitaka. In an ce marar iyaka, mun yarda. In an ce mai ƙaga abubuwa, mun yarda, har mu ƙara da cewa aikinsa bai tsaya ba, kowace tsaba da ta tsage cikin ƙasa da ikonsa ta tsage. Amma in an ce Yana cikin kowane abu, sai mu tambaya, wane irin ciki? In irin zaman ruwa ne cikin tulu, ai tulu ya yi wa ruwa iyaka, wanda kuwa aka yi wa iyaka ya fita daga zama marar iyaka. Maganar ta ci kanta ke nan. Abin da muka gaskata shi ne Yana tare da kowane abu da saninsa da ikonsa da kiyayewarsa, babu ƙwayar geron da ta faɗi a masussuka ba da saninsa ba, amma gero gero ne, Mahalicci Mahalicci ne. Sunan nan na Ruhu ma ba mu kiransa da shi, gama ruhu a wurinmu halitta ne kamar sauran halittu.

Misalin da ya fi kusa shi ne masaƙi da zanensa. Wanda ya san saƙa, in ya duba zane yakan ga hannun masaƙi a kowane zare, amma ba wanda ya taɓa ɗaura masaƙi a ƙugu. Ko wannan misali ma bai kai ba, domin masaƙi kan mutu ya bar zane, duniya kuwa da za a sake ta ƙiftawar ido guda, da babu ita.

Kada wani ya ce wannan gardamar ɗakin kwana ce kurum, ba ta sa tuwo a ƙwarya. Tana da abin da ta haifa. Na farko, ta cire mana tsoron ilmi. Malamin kimiyya in ya nuna mana yadda tururi ke tashi ya zama girgije, ya gaya mana hanyar da ruwa ke bi ne, bai taɓa maganar wanda ya shimfiɗa hanyar ba. Kowane bayani da muka samu sai mu ga saƙar ta fi yadda mu ke zato ƙwari.

Na biyu, maganar itatuwa. Kakanninmu da yawa ba su saran tsamiya ko kuka don tsoron mutanen ɓoye. Da tsoron nan ya ragu, sai ba a maye gurbinsa da kome ba, gatari ya sami sarari. Fari ya zo a 1973, ya sake zuwa a 1984, gonakin da aka tsiraita suka fi jin jiki. Aikinmu na malamai shi ne mu koya wa yara abin da ya fi tsoron iska ƙarfi, watau amana. Itacen nan ba a yi masa yanka, amma yana da Mai shi, kuma za a tambayi wanda ya sare shi a banza.

Na uku, kuma shi ya fi nauyi, maganar mutum. A shekarun nan ƙasarmu ta sha baƙin ciki daga ɓarayin da suka fake a dajin Rugu, yamma da mu, an zubad da jini, an raba mutane da garuruwansu, har manomi da makiyayi, waɗanda gawo guda ke ciyarwa, suka koma kallon juna da tsoro. Wanda ya sakankance cewa Mahalicci na tare da kowane rai, yana gani, yana riƙe da numfashinsa, zai yi wuya ya ɗauki ran mutum kamar na kaza. Haka nan a aji. Yaron nan da ke can baya, wanda karatu ke yi wa wuya, mai yagaggiyar riga, wanda ya ƙera taurari Shi ya ƙera shi. Malamin da ya tuna haka zai sassauta hannunsa da harshensa.

Abu guda ya rage, na tsakaninmu da iyayenmu. A zamanin Shehu Usmanu an yi waɗansu masu karatu da ke kafirta talakawa don sun kasa jera hujjojin tauhidi, Shehu ya yi ta rubuce-rubuce yana tsawata musu. Kada ɗan abin da muka tsinta a nan ya mai da mu irinsu. Tsohuwar da ke binne iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ta yi bisimilla ta taka da diddige, ba ta san Hubble ba, ba ta iya ƙirga siffofi 20 ba, amma ta jingina abincin shekararta ga wanda ba ta gani. In mun koma gida hutu, mu zauna kusa da ita da ladabi, mu gaya mata labarin hazon Cadi da saiwar gawo, za mu ga ba ta yi mamaki kamar yadda muka yi ba, sai dai ta ce ikon Allah ya fi gaban haka.

Wannan shi ne iyakar fahimtarmu. Muna roƙon malamanmu da 'yan'uwa, wanda ke da ƙari ya aiko a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.