Tsarabar Makka: Dutse Ne Ko Gilashi?

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Mai Wurno ko ƙauyukan Jazira ba ka tarar da wani abu da ake cewa daga Makka ya zo ba. Wani carbi ne, wani zoben azurfa mai jan dutse, wani kuwa dunƙulen gilashi mai hoton Ka'aba a ciki, wanda malam ke danne takardu da shi. Ba abin mamaki ba ne, don hanyar gabas ce ta zaunar da mu a nan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kawo jama'a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kakanninmu kuma noman auduga ya tsayar da su a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, suna tara guzurin ƙetarawa Jidda.

Da can ba mu damu da tambayar asalin waɗannan kaya ba. To, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, da faɗuwar Wad Madani a Disambar wannan shekara, sun sa iyalai da yawa gudun hijira, har abin wuyan uwargida ya zama kuɗin mota da na abinci. A irin wannan hali, dillali na iya ce wa dutsen ƙwarai gilashi don ya saye shi da araha, kuma mai matsuwa ba ya jayayya.

Jabu kuwa ba yau ya fara ba. Aƙiƙ na ainihi yakan fito daga Yaman da garin Kambat na Indiya, daga baya kuma masu sassaƙa na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga cinikin. Amma tun ƙarni na 19 masana'antun Jablonec, a ƙasar Cek ta yanzu, ke zuba gilashi mai kama da shi domin kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa. Saboda haka tsufan abu kaɗai ba shaida ba ne.

Ga yadda muke gwadawa. Mu ɗaga dutsen ga hasken rana: in muka ga 'yan kumfar iska a ciki, ko wani siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu, to gilashi ne. Aƙiƙ ya fi gilashi tauri, tsinin wuƙa ba ya karce shi, shi kuwa yana karce kwalba. Carbin kaharaman ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a hannu, kuma ƙwayarsa tana tasowa a ruwan da aka cika wa gishiri, ta gilashi kuwa nutsewa take yi. Murjani na gaske, in aka ɗiga masa ruwan lemun tsami a wurin da ba a gani, yakan yi 'yar kumfa. Sai a wanke nan da nan, don tsami na cin sa. Shi kuma dunƙulen danne takarda, a juya gindinsa: na hannu yakan nuna tabon inda aka tsinke shi daga sandar maƙeri, ko alamar an goge wurin.

Jama'a, in gwaji ya nuna gilashi ne, kada ranmu ya ɓaci. Hajiyar da ta ɗauko shi tun daga Makka zuciya ɗaya ta kawo, sai mu ajiye wa jikoki. In kuwa na ƙwarai ne kuma tilas ta sa a sayar, mu nuna wa maƙeran zinariya biyu ko uku kafin mu sallama. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.