Muryar Gwaggo

Jiya aka kai amarya daga gidanmu, kuma wannan ne biki na uku da aka yi ba Gwaggo ce ta yi guɗa ba. Na daɗe ina son yin wannan rubutu ina fasawa. Da na nemi izininta ta ce in rubuta, amma kada in kuskura in sa hotonta.

Duk wanda ya san unguwarmu ya san ba a buɗe lefe, ba a sa amarya a lalle, sai an jira ta. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, masu shayi na bakin titi ma sun san an yi abin arziki a gidanmu. Maƙoƙon da take da shi kuwa tun ina ɗan firamare nake ganinsa, ɗan ƙulli a gaban wuya da take rufewa da gefen mayafi. Kumburi ne na wata halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da ke kwance a kan bututun numfashi, wadda likitoci ke kira tayirod. A ƙasashenmu rashin sinadarin aidin a abinci ne ya fi kawo shi, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Su Gwaggo sun girma kafin wannan doka.

Fiye da shekara 20 tana zaune da abinta lafiya. Sai ya fara girma. Ta daina iya kwanciya rigingine, lomar tuwo sai da ruwa, da dare numfashinta har shewa yake. Aikin cire maƙoƙon dole ne aka yi shi, kuma da za a dawo da ranar, da na sake kai ta. Kada wani ya karanta wannan ya hana mahaifiyarsa zuwa asibiti.

Amma akwai abin da ke ci mini rai. Ana gobe za a shiga da ita aka kawo takardar amincewa, da Turanci, ni na karanta mata. A ciki akwai layin da ya ambaci canjin murya, na ɗan lokaci ko na dindindin. Na dube ta, na ga tsoro ya riga ya cika mata ido, sai na ce, "Gwaggo, sun ce muryarki za ta iya ɗan dishewa kwana biyu." Ta dangwala yatsa. Rabin layin nan da na haɗiye, ni kaɗai na san da shi sai kwanan baya.

Ta farfaɗo lafiya, wuya ya koma sumul, sai ɗinki siriri. Magana kuwa sai raɗa. Aka ce bututun da ake zura wa mutum a maƙogwaro lokacin aiki ne ya goge ta, kuma gaskiya ne yana dishe murya na 'yan kwanaki. Mako biyu, wata ɗaya, shiru. Muka shiga zuma da lemun tsami, citta da kanumfari, man shanu a ruwan ɗumi. Kowace mai dubiya da nata maganin. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne ƙwarewa. Kurɓi ɗaya na ruwa sai ta sarƙe, idanu su yi ja, ga tarin ma ba ƙarfi, kamar na jariri. In ta fara magana, kafin ta kai ƙarshen jimla numfashi ya ƙare.

Sai a wata na uku muka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya fesa mata magani a hanci, ya zura wata siririyar kyamara, ya juyo mana da allon. Ni malamin Hausa ne. Shekara 14 ina zana tantanin maƙwallato a allo ina koya wa ɗalibai yadda ake furta sautuka, ban taɓa ganinsa ba sai ranar, a maƙogwaron Gwaggo. Wasu 'yan farare ne guda biyu, sun haɗu a gaba sun buɗe a baya. Likita ya ce, "Hajiya, ce iiii." Na dama ya taho tsakiya da hanzari. Na hagu ko motsi. Iska na ta zurarewa ta tsakaninsu, kamar ƙofa mai ƙyaure biyu da ɗaya ya maƙale a buɗe. Nan take na gane raɗar, na gane ƙwarewar, domin wannan ƙofa ita ce ke rufewa ta tare ruwa kada ya faɗa huhu, ita ce kuma ke datse iska kafin tari ya fito da ƙarfi.

Tantanin ba shi da ciwon komai. Jijiyar da ke ba shi umarni ce ta samu matsala. Jijiya ce mai hanyar ban mamaki: daga ƙwaƙwalwa take saukowa, ta wuce maƙwallaton da aka aike ta gare shi, ta gangara ƙirji, ta hagu ta zagayo ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, sannan ta sake hawowa ta tsakanin bututun numfashi da na abinci. A hanyarta ta dawowa take bi ta bayan tayirod, kusan manne da shi, ga ta siririya kamar zaren saƙa. A jikin raƙumin dawa ma haka take wannan zagaye, tafiyar mita huɗu da wani abu don isa wurin da ke kusa da inda ta taso. Tun ƙarni na 2 likitan nan Galen ya nuna aikinta a bainar jama'a a birnin Rum: alade na ta ihu, ya datse jijiyar, ihun ya ɗauke alhali dabbar na numfashi.

Ba lallai sai an yanke ta ba. Ja kaɗan, ko zafin na'urar tsayar da jini, ko kumburi bayan aiki, ya isa ya sa ta yi sanyi. Maƙoƙon da ya daɗe ya girma kuma yakan ture ta daga inda aka saba samunta. Mafi yawan waɗanda abin ya samu muryarsu na dawowa cikin makonni ko watanni. Waɗanda yake zame wa na dindindin ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba a hannun ƙwararru. In kuwa ɓangarorin biyu suka tsaya tare, maganar ta wuce ta murya ta koma ta numfashi, har akan huda wuya a sa bututu. Da likita ya faɗi haka Gwaggo ta ɗaga hannu sama. Ta gode wa Allah tun kafin kowa ya tuna mata.

Akwai kuma jijiya ta biyu, ƙarama, can sama, wadda ke ɗaure tantanin ya yi tsauri don murya ta hau. Likitoci kan yi mata laƙabi da sunan Amelita Galli-Curci, mawaƙiyar Italiya da aka yi wa aikin maƙoƙo a Shikago a 1935, ta dawo dandali a shekarar da ta biyo baya muryar ba ta kai inda take kaiwa ba, ba da daɗewa ba ta bar waƙa. A can sai mawaƙa abin ya fi damu. Mu kuwa harshenmu a kan karin sauti yake tafiya. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya kaɗai ya raba su. Wata rana a farkon abin na tambaye ta me ke damunta, ta raɗa mini, "Wuya." Na ce, "Gwaggo, wuyan ne ke ciwo, ko wuya kike sha?" Ta harare ni, ta ɗaga yatsu biyu. Muka yi dariya, tata ba sauti. Haka ƙ ɗinta ya yi laushi ya koma kamar k, domin ba a furta ƙ sai maƙwallato ya rufe ruf. Abin da nake sa ɗalibai su haddace don jarrabawa, ga shi ina ji a bakin wadda ta goye ni.

Likita ya ce akan jira wata shida zuwa shekara a ga ko jijiyar za ta farfaɗo. Ya haɗa mu da mai horar da murya, wadda samunta ma sai da muka sha yawo, don ba su da yawa. Ita ta koya mata ta sunkuyar da haɓa ta juya kai hagu in za ta haɗiya, ta fara da kunu mai kauri kafin tsinkakken ruwa, ta daina raɗa da yawan gyaran murya don suna ƙara gajiyar da maƙogwaro. A hankali ɓangaren dama ya koyi ƙetarowa ya tarar da ɗan'uwansa. Murya ta dawo, amma wata ce daban, mai kauri, gajera, wadda ke ƙarewa kafin la'asar. Na hagun har yau yana nan tsaye. An yi mana bayanin allurar da ke cika tantanin ya matso tsakiya, da wani aiki da likitan Japan Isshiki ya bayyana a 1974, inda ake buɗe 'yar taga a guringuntsin maƙwallato a sa abin da zai tura shi. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Likita, wuyan nan ya sha wuƙarsa." Ƙwayar da ke maye gurbin aikin tayirod kuwa kullum da safe take sha, har abada.

Abin da ban ga an rubuta a kowace takarda ba shi ne yadda gida ke canza wa marar murya. Mu da muke ƙaunarta mu muka fara. Ta soma magana, wani ya ƙarasa mata. Baƙo ya gaishe ta, wata ta amsa a madadinta. Matar da in an yi rikicin aure a dangi ita ake kira ta raba gardama, sai ga shi ana yanke shawara tana zaune, don kafin ta tattaro numfashi zancen ya wuce. Jikoki ta koma kiransu da buga cokali a faranti. Waya ta daina ɗauka, saboda ta gaji da "Alo? Ba na ji, sabis ne?" Karatun da take yi da ƙarfi bayan asuba, wanda muka tashi da shi tamkar kiran salla na biyu, ya koma motsin leɓe.

Masu dubiya kuma, Allah ya saka musu, kalmarsu ɗaya ce: "Ai an rabu da wahala, Hajiya, murya ce kawai, a gode wa Allah." Ranar da wata ta maimaita haka, bayan ta fita Gwaggo ta jawo hannuna ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce musu ba na godiya? Wanda aka yi wa rasuwa ma yana godiya, amma ana yi masa gaisuwa." Ban sami abin cewa ba. A ranar ne na gaya mata rabin layin da na ɓoye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da ta sani ma da ta yarda a yi, sai dai da ta yi guɗa ɗaya mai kyau a daren, ta san ta yi sallama da ita.

Tun daga nan duk wanda ya ce mini za a yi wa nasa aikin maƙoƙo, nakan ce ya tambayi likita sau nawa yake yin irin wannan aiki, ya nemi a duba tantanin da kyamara kafin aiki da bayansa, kuma in murya ba ta dawo ba bayan mako biyu ko uku, ko ana ƙwarewa da ruwa, a ajiye zuma a koma asibiti. In kai ne mai fassara takarda, ka fassara ta duka.

Jiya da motocin kai amarya suka iso, na hango ta a ƙofar ɗakinta da wata jikarta 'yar shekara 13. Kwana uku ke nan tana ɓoye yarinyar a ɗaki, ashe darasi ake. Ta gyara mata tsayuwa, ta ɗora mata yatsu a hanci, ta dafa mata ciki da tafin hannu. Yarinyar ta saki guɗa, siririya, ta karye a tsakiya, mata suka fashe da dariya. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta buga mata kafaɗa ta ce, da muryar nan tata ta yanzu, "Daga ciki. Sake."