Hutun Da Ke Gajiyar Da Faifai

A cikin kwamfutar tafi-da-gidanka irin ta da, wadda har yanzu ake sayar da ita ta hannu a kasuwanni, akwai wani ɗan akwati wanda ke riƙe da duk abin da mai ita ya rubuta. A cikin akwatin akwai faifai mai sheƙi, yawanci yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. Bisa faifan kuma akwai allura kamar ta garmaho, sai dai ita ba ta taɓa shi. Iskar da juyawar ke tayarwa ita ke ɗauke da ita, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba.

In kwamfuta ta bugu sa'ad da allura ke bisa faifai, tana iya kartar sa, rubutun da ke wurin ya salwanta. Saboda haka maƙera suka yi mata turke a gefe. Da zarar aiki ya tsaya sai ta koma turke ta kwanta. Wannan dabara tana kare faifai, tana kuma rage shan batir.

To, amma duk wanda ya taɓa bin ayari ya san abin da ke karya raƙumi. Tafiyar yini guda da kaya ba ta cin gwiwarsa kamar a yi ta gurfanar da shi ana tayarwa a kowace gona. Haka allurar nan take. Kowace kwanciya da tashi tana ɗan cin turken da hannun da ke riƙe da ita. Maƙera sun ƙiyasta yawancin faifan irin wannan zai jure kwanciya da tashi sau 600,000.

A ce akwai wani akawu mai aiki awa 8 kullum, lissafin haraji da takardun gado duk suna cikin kwamfutarsa. In allura tana kwanciya sau ɗaya a minti, ya zama sau 480 a yini, watau sai bayan kwana 1,250 za ta cika adadin, shekara uku da 'yan watanni ke nan. In kuwa sau uku take yi a minti, cikin kwana 417 an gama. Akawun ba zai ga kome ba, sai dai wani ɗan ƙas-ƙas da yake ji jifa-jifa.

Wannan magana ta tayar da hankalin masu amfani da manhajar Ubuntu a shekarar 2007, sa'ad da suka duba ƙidayar faifansu suka tarar tana hawa da gaggawa. Dalili shi ne, faifai yana saurin kwantar da allura don tattalin batir, manhajar kuwa tana tashinta kowane ɗan lokaci don ta rubuta wani ɗan abu. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Maganin yana cikin saiti. Faifai yana karɓar lamba daga 1 zuwa 255. Daga 1 zuwa 127 an yarje masa ya daina juyawa in ba aiki. Daga 128 zuwa 254 zai ci gaba da juyawa, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon raguwar kwanciyar allura. A Ubuntu da 'yan'uwanta ana sa lambar da wata manhaja mai suna hdparm. Faifan da kansa yana ƙidaya kwanciyar a layi mai lamba 193, mai gyara yana iya karantawa.

Sai dai 254 ma tana da nata kuɗin: batir ya ƙare da wuri, faifai ya ƙara ɗumi, kuma allura tana waje in kwamfuta ta faɗi. Don haka mai hankali yakan sa babbar lamba in kwamfuta tana kan tebur an jona ta da wuta, ya rage ta in zai ɗauke ta yana aiki a mota. Sabon ma'aji da ake kira SSD ba shi da faifai ko allura, wannan damuwa ba ta shafe shi ba.

Mai tsohon faifai kuwa, ya kai shi a duba masa lamba 193, kuma ya kwafe takardunsa masu muhimmanci a wani wuri dabam tun faifan yana da lafiya.