Kwamfuta a Jaka, Babur a Hanya: Mu Bi Ɗanki Zuwa Bagudo

Uwargida, idan kina da ɗa irin wanda ke wuni ya kwana gaban kwamfuta, har maƙwabta na tambayarki ko yaron nan ya samu aiki kuwa, to wannan rubutun naki ne. Wataƙila ma ya ƙara miki da wata damuwar: ana saukowa daga Juma'a sai ya cusa kwamfutar a jaka, ya goya, ya tada babur, ya ce zai leƙa Bagudo. Taho mu bi sawunsa, ki ga abin da yake yi da inda yake zuwa, sannan ki yanke hukunci da kanki.

Mu fara da zaman ɗakin. Sana'arsa rubuta manhaja, wato jera wa waya ko kwamfuta umarni layi bayan layi har ta iya wani aiki. Duk lokacin da kika tura kuɗi ta waya, aikin irinsu kika taɓa. Rubutun ma ba shi ke cin lokaci ba kamar farautar kuskure, domin waƙafi ɗaya da ya ɓata yana iya hana shi cin tuwon dare. Masu ba shi aikin suna Abuja ko Legas ko ƙasar waje, ta bidiyo suke ganawa. Jarinsa uku ne: wuta, data da natsuwa. Wasu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suka koya, wasu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Akwai 'yan mata a cikinsu, kuma suna taɓukawa.

Wanda ya yi kwana biyar idonsa a kan gilashi, dole ya nemi iska. Daga Birnin Kebbi ya yi kudu, gari na ragewa, fadama na buɗewa, har ya isa Bagudo, ƙaramar hukumar da ke cikin masarautar Gwandu. Kogin Kwara, wanda littattafan makaranta ke kira Neja, ya ratsa ta tsakiyarta, gadar Tuga ce ta haɗa ɓangarorin biyu. Idan ya tsaya a kan gadar da hantsi, zai ga masunta a kwale-kwale, ga gonakin shinkafa iya ganin ido, ga ƙamshin kifin da ake bandawa. A ƙetaren kogin ne Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suke. Daga nan kuma sai Jamhuriyar Benin: Segbana na fuskantar Tsamiya, Madekali na kusa da Lolo, gaba kaɗan Malanbil, mai ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar.

Iyakar nan ba mutanen yankin suka shata ta ba. A 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniyar raba ƙasar Bargu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi. Shi ya sa har yau za ki tarar da Dandawa da Busawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa a kowane gefe, ana auratayya, ana zuwa suna da ta'aziyya. Kaka tana ƙirga naira, jikarta tana ƙirga sefa.

To a nan ne yawon ɗanki ke komawa makaranta. Manhajar da ta yi aiki lafiya lau a ɗakinsa, a bakin iyaka take nuna halinta. Sabis na zuwa yana ɗaukewa, wani lokacin wayar ta tsallaka layin Benin ba tare da ya taka ƙasar ba. Daga nan yake gane cewa dole manhaja ta iya ajiye bayani a cikin waya, sai an samu sabis ta aika. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce, ta Benin kuwa 10 ce tun ƙarshen 2024, da aka ƙara mata 01 a farko. Idan ya gina gurbin da ba ya karɓar komai sai 11, ya rufe wa mai sayen albasa daga Malanbil ƙofa ke nan. Sunan da muke rubutawa Usman, a takardar can Ousmane ne, sai kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne. Matar da ke sayar da kifi kuma ta fi gane saƙon murya a kan dogon rubutu, wayarta ma ƙarama ce mai maɓallai. Babu malamin da zai koya masa waɗannan kamar zama a benci wajen mai shayi a Tsamiya. Gani ya kori ji.

Sai dai, 'yar uwa, tsoronki yana da tushe, kada kowa ya raina miki shi. Iyaka wuri ne da doka ke sauyawa dare ɗaya. A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ta Kamba, maƙwabciyar Bagudo, sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowace tafiya sai an yi mata lissafi. Ga batun tsaro: a Nuwamban 2024 rundunar soji ta bayyana ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, arewacin Benin ma na fama da hare-haren 'yan bindiga. Baƙon saurayi a kan babur da jaka a baya, ba kowa zai ɗauke shi ɗan yawon buɗe ido ba. Da damina kuma kogi na cika ya shafe hanyoyin fadama.

Saboda haka idan za ki sa masa albarka, ki haɗa da sharuɗɗa. Ya tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki kafin ya tashi, idan suka ce a dakata, ya dakata. Kada magariba ta same shi a daji. Ya tafi da abokin tafiya, ya kuma sami mai masauki sananne. Hular kwano dole ce, 'yan sandan Benin ma ba sa wasa da ita. Ya riƙe katin shaidarsa da takardun babur. Idan zai ƙetara, ya bi ta ƙofar hukuma da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara, tunda ɗan Najeriya na iya zama a Benin har kwana 90 ba tare da biza ba. Hanyar 'yan fasa-ƙwauri ba tasa ba ce. Kada ya ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, kada ya karɓi saƙon da bai san abin da ke ciki ba. Ya ajiye kwafin aikinsa a gida, domin kwamfuta na iya faɗawa ruwa. Ya kira ki a Tuga, ya sake kiranki idan ya sauka.

Ranar da ya dawo, fuska duk ƙura, da ƙunshin busasshen kifi a jaka, ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da ya gano da zai gyara a aikinsa. Amsar da zai ba ki ita za ta nuna miki ko tafiyar ta biya kuɗin manta.

Iyayen da ke Bagudo da Illo da Ka'oje, ku kuka fi mu sanin hanyar. Wace shawara za ku ƙara wa uwar da ɗanta ke shirin zuwa wajenku? Allah Ya tsare mana su, Ya sa albarka a sana'arsu.